Linux kyauta ne, to kuɗin da suke nema a wajen saukewa na mene ne?

Malam barka da ƙoƙari. Na karanta tambayarka, kace laftof ɗinka Windows 10 ce a kanta, tunda Microsoft suka rufe mata tallafi ranar 14 ga Oktoba 2025 hankalinka bai kwanta ba, Windows 11 kuma taƙi hawa saboda injin bashi da TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da Windows 11 take buƙata, sai aka baka shawara ka koma Linux, wani sistem da yake tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tunda kyauta ne. Ka je saukewa sai kaga wani yana roƙon gudunmawa, wani ma ya sa farashi ƙiri-ƙiri. Shine kake tambaya in da gaske kyauta ne kuɗin na mene ne, kuma shin wanda aka biya yafi sauƙin sakawa akan wanda ba a biya ba.

Bari in fara da ta biyun don ita tafi gajarta. A'a. Ko ka biya ko baka biya ba, instolar da zata tambayeka yare da agogo da inda za a ɗora sistem ɗin duk ɗaya ce. A elementary OS, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux da ake kira distro, in kaje akwatin kuɗin ka rubuta 0 zai barka ka sauke, babu abinda aka rage maka. A Zorin, shima wani distro ne, akwai Core na kyauta akwai Pro na kuɗi, hanyar sakawa iri ɗaya, abinda Pro ya ƙara shine wasu fuskoki da tarin manhajoji da aka zuba maka tun farko, sai kuma damar ka rubuta musu su kama maka in ka maƙale wajen instolin, to wannan na ƙarshen kaɗai ne zan ce kuɗi ya siya maka sauƙi kai tsaye. Amma laftof ɗin da taƙi ganin wayifai a Core ba zata gan shi a Pro ba don kawai ka biya.

Sai dai fa ruwa baya tsami banza. Sauƙin nan da zaka gani, ka danna gaba, gaba, gaba, minti 15 ko 20 an gama, wani ne ya riga ya biya kuɗinsa shekaru kafin kazo. Kusan shekara 20 kenan ina ɗora Linux a kwamfutocin mutane ina kuma kula da sabobi, wato kwamfutocin da suke ɗauke da shafukan intanet da makamantansu, kuma in akwai abu ɗaya da na tabbatar a wannan harkar shine, duk inda kaga sakawa tayi sauƙi, ka bi baya zaka samu akwai wanda aka biya albashi ya zauna akan ta.

Kafin in shiga nan, maganar "kyauta" ɗin ma tana buƙatar gyara kaɗan. Richard Stallman da ya fara aikin GNU a 1983 ba farashi yake magana akai ba, 'yanci yake nufi, wato ka iya amfani da manhaja yadda kaso, ka buɗe kod ɗinta ka karanta, ka gyara, ka rabawa wasu. Lasisin GPL da Linus Torvalds ya ɗora kanel ɗin Linux, wato zuciyar sistem ɗin, akai bai hana kowa sayarwa ba, abinda ya hana shine ka sayar sannan ka ɓoye kod ɗin ko ka hana wanda ya siya ya bawa wani. Kaga kenan wanda ya sa farashi bai karya wata doka ba, kai ma da ka sauke baka biya ba baka saci komai ba, kar wannan ya tsaya maka a rai.

To koma kan sakawa. Slackware na farko da ya fito a 1993 a fulofi 24 yazo, ɗaya bayan ɗaya zaka riƙa sawa, in na 19 ya lalace ka koma farko. Ko a tsakiyar shekarun 2000 lokacin da ni na shigo, na tuna na kwana uku akan wani katin wayifai, babu direbansa a Linux, wato manhajar da take sa sistem ya iya amfani dashi, sai dai ka nemo direban Windows ka naɗe shi da wani abu da ake kira ndiswrapper, in yayi aiki yau gobe anyi ofdet ya sake mutuwa. Sikirin kuwa sai ka buɗe fayil ɗin xorg.conf da hannunka ka rubuta masa ƙarfin monita. Wallahi mutane da yawa a nan suke ajiye abin, kuma ba laifinsu bane.

Me ya canza? Knoppix na Klaus Knopper ya nuna tun wajen 2000 cewa za a iya tada Linux daga CD kai tsaye ya gane kayan injin da kansa ba tare da an taɓa diski ba. Amma wanda ya ɗauki wannan tunanin ya kai shi hannun talakan mai amfani shine Ubuntu, kuma Ubuntu kuɗi ne ya haife shi. Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya sayar da kamfaninsa Thawte ga VeriSign a 1999 akan kusan dala miliyan 575, ya kafa Canonical, ya ɗebo masu aikin Debian, wani tsohon distro na 'yan sa kai, ya sa su a albashi, suka fitar da Ubuntu na farko a Oktoban 2004. A 2006 suka kawo instola mai hoto wadda kake gudanarwa daga cikin sistem ɗin yana raye a CD, kana lilo a intanet ana instolin. Har CD suke aikowa mutane ta gidan waya ko'ina a duniya ba ko sisi, shirin ShipIt, sai 2011 aka rufe shi. Duk wannan aljihun mutum ɗaya ne ya ɗauka shekara da shekaru. Linux Mint da Zorin da elementary da kake gani duk akan Ubuntu aka gina su, shi kuma Ubuntu akan Debian.

Yanzu dalilin da yasa nace sai da kuɗi, nan ne nake so ka tsaya ka fahimta sosai. Mai rubuta kod da yake aikin sa kai da daddare bayan ya taso daga aikinsa na neman abinci, abinda yake damunsa shi yake gyarawa, kuma instola bata damunsa, don shi sau ɗaya yake instolin a shekara biyu ko uku, in ma ta bashi matsala ya san hanyar baƙin allon rubuta umarni da ake kira taminal zai bi ya wuce. Wanda instola take damu shine sabon shiga irinka, kai kuma baka iya gyara ta ba, in taƙi sai dai ka cire filash ɗinka ka haƙura, baka ma san inda zaka kai ƙara ba. Wanda ya iya baya buƙata, wanda yake buƙata bai iya ba. Abinda yake cike wannan giɓin shine a biya wanda ya iya ya zauna yayi aikin da ba don kansa ba. Kuma aikin bashi da daɗi ko kaɗan, gwaji ne akan laftof iri-iri, wannan BIOS ɗinsa, wato manhajar da take fara tada injin, yana da wani hali, wancan diskinsa baya fitowa, wancan in ya yi barci baya farkawa, sannan kayan gwajin ma siyan su ake yi. Ga haɗari, don instola tana taɓa teburin fatishan na diskinka, wato tsarin yadda aka raba diskin kashi-kashi, kuskuren layi ɗaya hotunan mutum na shekara goma sun tafi, don haka duk ɗan canji sai an gwada an sake gwadawa.

Ka duba Calamares, instolar da Manjaro da EndeavourOS da KDE neon da Lubuntu da wasu da yawa suke amfani da ita. Teo Mrnjavac ne ya fara ta a 2014 da tallafin wani kamfanin Jamus mai suna Blue Systems. Ƙananan distro da basu da ƙarfin rubuta tasu sai suka samu instola mai kyau a sama. Ko kuma Secure Boot, da Windows 8 ya fito a 2012 sabbin kwamfutoci suka fara zuwa a kulle, basa tada komai sai wanda yake da sa hannun da suka yarda dashi, kuma a aikace na Microsoft ne. Mutane sun tsorata a lokacin cewa shikenan an rufewa Linux ƙofa. Matthew Garrett, yana Red Hat a lokacin, shi ya rubuta wani ɗan ƙaramin abu da ake kira shim wanda Microsoft ke sa wa hannu shi kuma ya tada Linux. Yau zaka sa filash ɗin Ubuntu ko Fedora ko Mint ya tashi, ba zaka taɓa sanin an yi wannan faɗan ba.

Misalin da yafi taɓa ni shine Asahi Linux. Apple suka fitar da kwamfutocinsu masu M1 a ƙarshen 2020 ba tare da wata takardar bayanin yadda kayan ciki ke aiki ba. Hector Martin ya buɗe Patreon, shafin karɓar gudunmawa, yace in mutane zasu riƙa biyansa duk wata zai maida wannan aikinsa na cikakken lokaci, mutane suka amsa, shi da abokan aikinsa suka bi injin nan lungu-lungu har aka kai matsayin da layi ɗaya zaka liƙa a taminal ya raba maka diski ya ɗora Linux kusa da macOS. A Fabrairun 2025 ya ajiye shugabancin aikin, cikin dalilan da ya bayar akwai gajiya, akwai masu amfani da kullum sai dai su zo da "yaushe kaza zai yi aiki", akwai kuma gudunmawar da take ta raguwa. Wato mutane sun biya lokacin da abin yake sabo yana burgewa, da ya fara aiki sai aka ɗauka an gama.

Ba komai ne kuɗi ba dai, gaskiya. Debian sun daɗe instolarsu ta hukuma bata ɗauke da famwaya ɗin da ba a buɗe kod ɗinsa ba, wato ɗan kod ɗin da katin wayifai yake buƙata kafin ya farka, saboda aƙida, sai kaga mutum ya gama instolin ba intanet. Sai da suka kaɗa ƙuri'a a 2022 suka amince a saka, Debian 12 da ya fito a Yunin 2023 yazo dashi. Arch kuma da gangan suka bar sakawa da hannu, sai 2021 suka sa instolar archinstall a cikin ISO ɗinsu, wato fayil ɗin da ake saukewa don sakawa. Wannan zaɓi ne ba talauci ba.

Toh ina sauran kuɗin yake tafiya? Sabobin da kake sauke fayil mai gigabayit 3 daga kansu, injinan da suke haɗa dubban fakej, wato ƙunshin manhajoji, duk lokacin da aka samu ramin tsaro, kuɗin lauya da na rajistar suna, kuɗin tafiya don masu aikin su haɗu. Har wutar lantarki. A Janairun 2014 masu OpenBSD, wani sistem na kyauta mai kama da Linux, suka fito fili suka ce in basu samu kusan dalar Kanada 20,000 ta biyan kuɗin wutar injinan da suke gwaji dasu ba aikin zai iya tsayawa, kuma fa waɗannan sune masu OpenSSH, abinda kusan duk wata saba a duniya ake shiga da ita, har cikin Windows da macOS yana nan. Sai da labarin ya bazu sannan aka kawo musu ɗauki. Wata uku bayan nan wani ramin tsaro da aka kira Heartbleed ya fashe a OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai a intanet, sai duniya ta gano cewa abinda yake tsare kalmar sirrin miliyoyin mutane gudunmawar da yake samu a shekara bata wuce wajen dala 2,000 ba, mutum ɗaya ne kacal yake aikinsa cikakken lokaci. A 2015 aka ji Werner Koch mai GnuPG, wanda da shi ake sa hannu a fakej ɗin da zaka riƙa saukewa, yana dab da barin aikin don kuɗi sun ƙare masa, sai bayan an buga labarin Facebook da Stripe suka yi alƙawarin dala 50,000 kowannensu duk shekara. Shi ma Patrick Volkerding na Slackware, distro mafi daɗewa da har yau yake raye, a 2018 ya faɗa da bakinsa cewa yana cikin matsin kuɗi.

Na xz kuwa har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi. Ƙaramar manhajar matse fayil ce da take cikin kusan kowane Linux, mutum ɗaya, Lasse Collin, yake riƙe da ita ba albashi, ya gaji, ya faɗa cewa ya gaji. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amana, sannan ya dasa ƙofar baya a ciki. Andres Freund ne ya kama abin a ƙarshen Maris 2024, don ya lura shiga saba ta SSH yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, kafin ya kai ga manyan sigogin da mutane suke amfani dasu. Bazan ce kuɗi kaɗai zai hana irin wannan ba, amma mutumin da yake da albashi da abokin aiki na biyu ba zai miƙa makulli ga baƙo don gajiya ba.

To wa zaka bawa? Nan ra'ayina ne, wani zai iya saɓa min. Red Hat basa buƙatar kuɗinka, IBM ta siye su akan dala biliyan 34 a 2019, su suke ɗaukar nauyin Fedora daga abinda kamfanoni ke biyansu. Canonical ma da kamfanoni suke cin abinci, Ubuntu Pro ma kyauta suke bawa mutum ɗaya har inji 5. Shi kansa kanel ɗin mafi yawan masu rubuta shi ma'aikatan Intel ne da Google da AMD da Red Hat da irinsu, Linux Foundation kuma manyan kamfanoni ne mambobinta. Ɗan abinda zaka bayar a can ba za a ji shi ba. Inda ake jinsa shine wajen masu yiwa mutum ɗaya mai laftof ɗaya aiki, don su basu da kamfanin da zai siya. Linux Mint na Clément Lefèbvre, tun 2006, da gudunmawar masu amfani da masu ɗaukar nauyi yake tafiya, kuma duk wata suna wallafa abinda ya shigo da sunayen waɗanda suka bayar, wannan buɗaɗɗen lissafin yana cikin abinda yasa na yarda dasu. Debian ba kamfani bane, kuɗinsu yana hannun ƙungiyoyi irin su Software in the Public Interest, basa biyan masu haɗa fakej albashi dashi, injina da taruka yake tafiya, tallafin dogon zango na tsofaffin sigogi kuwa ta hannun Freexian ake biyan masu yinsa. Sai KDE da GNOME masu yin fuskar da kake kallo kullum. KDE sun sa wani ɗan saƙo a Plasma 6.2 da yake fitowa sau ɗaya tak a shekara, a Disamba, yana neman gudunmawa, da ya fara fitowa a 2024 abinda suka samu yayi tashin gwauron zabi, abinda ya nuna min cewa mutane ba rowa suke ba, basu san ana buƙata bane.

Akwai manyan kyautuka jefi-jefi, Jan Koum na WhatsApp ya bawa FreeBSD Foundation dala miliyan 1 a 2014 don yace da FreeBSD, shima wani sistem na kyauta mai kama da Linux, ya samu hanyar fita daga talauci, gwamnatin Jamus ta hannun Sovereign Tech Fund ta bawa GNOME yuro miliyan 1 a 2023. Suna da amfani sosai amma suna ƙarewa. Ba a ɗaukar ma'aikaci da kuɗin da ba a san ko baɗi zai sake zuwa ba, shi yasa ƙaramin abu da yake shigowa duk wata daga mutum dubu yafi musu kwanciyar hankali akan babba guda ɗaya.

Amma dan Allah kar ka biya kowa yanzu. Ka fara sakawa tukuna.

Ni Linux Mint mai fuskar Cinnamon zan ce ka ɗauka, don wanda ya fito daga Windows baya ɓata a cikinsa, kuma jerin 22 yana da tallafi har 2029. RAM gigabayit 2 zai tashi amma 4 shine zaka ji daɗi, in injin ya tsufa sosai ka ɗauki mai Xfce. Ka sauke ISO daga shafinsu na asali kawai, sannan ka duba lambar SHA256 ɗinsa, wadda take nuna ba a taɓa fayil ɗin ba, ta dace da wadda suka wallafa, kar ka raina wannan, a Fabrairun 2016 an taɓa kutsawa shafin Mint aka juya mahaɗin saukewa zuwa wani ISO mai ƙofar baya, su da kansu suka sanar. Ka samu filash mai gigabayit 8, ka rubuta ISO ɗin da Rufus ko balenaEtcher ko Ventoy, ka sani ko wanne ka ɗauka a cikinsu zai goge duk abinda yake kan filash ɗin.

Kafin ka taɓa komai ka kwashe fayilolinka zuwa wani diski na waje, ka cire shi ka ajiye gefe. Ban taɓa ganin wanda yayi nadamar yin bakof ba, waɗanda suka zo min da hawaye kuwa na gansu, kusan duka a allon raba diski abin ya faru, sun zaɓi a goge diski gaba ɗaya suna zaton fatishan ɗaya ake nufi. In Windows ɗinka tana da BitLocker, abinda yake kulle diski, ka nemo makullin dawo da ita mai lamba 48 ka rubuta a takarda, don canza wani abu a BIOS yana iya sa ta tambayeka shi. Ka kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba tana barin diskin a rabin barci.

Sai ka sa filash ka kunna injin kana danna maɓallin zaɓen inda injin zai tashi, a Dell da yawancin Lenovo F12 ne, a HP F9 ko Esc. Zai tashi a raye daga filash ba tare da ya taɓa diskinka ba, kuma nan ne gani ya kori ji, kar kayi gaggawar danna instol, ka zauna dashi ko awa ɗaya. Ka haɗa wayifai, ka kunna bidiyo kaji sauti, ka gwada makirfo da kyamara, ka rufe murfin laftof ɗin ka buɗe kaga ko zata farka, maɓallan haske da ƙara, firinta in kana da ita, Bluetooth. Abinda yayi aiki a nan zai yi bayan instolin. Abinda yaƙi kuma yawanci ɗayan uku ne, katin wayifai na Broadcom, katin hoto na NVIDIA, ko instola tace bata ga diski ba. Biyun farko Driver Manager na Mint yana magance su bayan ka gama, sai dai ka tanadi wayar intanet ko ka jona wayarka ta USB don ka samu hanyar sauke direban. Na ukun yawanci saitin diski ne da yake kan Intel RST, sai an maida shi AHCI a BIOS, amma in zaka bar Windows a gefe kar ka canza kai tsaye, sai ka fara shirya Windows ɗin ta hanyar safe mode, in ba haka ba zata ƙi tashi.

A cikin instolar ka sa alama a wajen kodek na bidiyo da sauti, in Secure Boot a kunne yake zata ce ka sa wata kalmar sirri ta wucin gadi, ka riƙe ta, bayan ristat wani shuɗin allo zai fito, ka zaɓi Enroll MOK ka saka ta, sau ɗaya ne. In baka gama yanke shawara ba ka zaɓi a ɗora kusa da Windows. Da ka shiga ka kunna Timeshift kafin ofdet na farko, shine zai maida kai baya in wani abu ya karye. Ka kuma sani tun yanzu, Photoshop da Microsoft Office na kan kwamfuta basa hawa Linux kai tsaye, akwai LibreOffice da Office na burauza da GIMP da Krita, in aikinka ya rataya akan ɗayan waɗancan ka gwada madadin tun kana kan Windows kafin ka ƙaura.

In kayi wata ɗaya ko biyu kaga ka zauna, laftof ɗin da aka ce ta mutu tana maka aiki, to lokacin ne zaka duba aljihunka. Abinda nake yi ni shine in raba gida biyu, rabi ga distro ɗin da nake kai, rabi ga wani abu na ƙasa da nake amfani dashi kullum wanda ba a ganinsa, shekara ɗaya wannan shekara ɗaya wancan. Ka bi mahaɗin gudunmawa daga shafin aikin na asali, ko Patreon ne ko Liberapay ko Open Collective ko GitHub Sponsors, kar ka bi wanda wani ya turo maka. In abin da zaka bayar ƙarami ne sosai gara ka tara na wata uku ko na shekara ka tura lokaci ɗaya, don masu sarrafa kati suna cire wani tsayayyen kuɗi a kowace turawa, sai kaga ya cinye kaso mai yawa na ƙaramin kuɗi. In kuma kasuwanci kake juyawa akan Linux, kana samun riba da sabobinsa, wannan kam ba maganar kyauta bace, ka sa shi a kasafin kuɗinka kamar yadda kake sa kuɗin intanet.

Abu ɗaya nake roƙonka, in ka bayar kar ka ɗauka ka siyi mutanen. Gudunmawa ba kwangila bace, bata baka ikon kaje kana musu tsawa don firintarka taƙi aiki ba, irin wannan halin ya kori mutanen kirki da yawa daga harkar fiye da rashin kuɗin ma.

In kuma babu halin kuɗin, ba komai wallahi, akwai abinda sabon shiga yake dashi wanda mu tsofaffin hannu muka rasa, wato idon da bai saba ba. Duk inda ka rikice a cikin instolar ka rubuta, wace kalma ce baka gane ba, wane allo ne ya tsorata ka, ka kai musu rahoto da sunan laftof ɗinka da abinda ka danna da abinda ya faru, irin wannan rahoton yana da wuyar samu don yawanci wanda ya rikice tafiyarsa kawai yake yi. Zaka iya taimakawa da fassara zuwa harshenka, zaka iya sauke ISO ta torrent ka barshi yana rabawa wasu don ka rage musu nauyin saba, zaka iya ajiye filash ɗin nan ka ɗorawa na kusa da kai wanda shima Windows 11 taƙi injinsa.

Yanzu dai ka fara da gwajin filash ɗin. In wani abu yaƙi, ka buɗe taminal a cikin Mint ɗin ka rubuta inxi -Fxz, zai jero maka duk kayan da ke cikin injin ya ɓoye lambobin da bai kamata a gani ba, ka kwafo ka turo min tare da sunan laftof ɗin, daga nan zan gane ko katin wayifai ne ko BIOS, in faɗa maka abinda zaka taɓa.